Kardan Marar Riga, Rigarka Zai Ɗauka

A wasu garuruwa hatsi ya shiga rumbu, a wasu kuma dammuna na jibge suna jiran sussuka. Lokaci ke nan da ake kwance ma tarakta faifan huɗa, a ɗaura mata injin sussuka. Saboda haka takardarmu ta wannan karo za ta yi magana bisa ƙarfe guda, wanda ke tsakanin tarakta da inji. Makanikai na ce mashi kardan. Ku karanta, ku kuma karanta ma wanda bai iya ba, domin maganar ta shafi hannu da ƙafa da rai, ta kuma shafi aljihu.

Daga garmar shanu zuwa tarakta

Dattawanmu na tune da shekarun 1970, lokacin da aikin raya karkara na 3M, wato Miriya, Matamaye da Magariya, ya yi ta koya ma manoma noman shanu. Hukumar UNCC, wadda aka kafa a 1962, ita ke ba da bashin kayan aiki. Daga baya masana'antar UCOMA ta nan Damagaram ta riƙa ƙera garma da amalanke. Hatsarin waɗannan kayan kowa ya san shi tun yana yaro: sa na tunkuyi, jaki na harbi. Kuma sa, in ka daka mashi tsawa, yana tsayawa.

A shekarun 2010 taraktoci suka ƙaru cikin ƙasa, wasu ta hannun CAIMA ƙarƙashin shirin 3N, wasu ta hannun ƴan kasuwa masu shigo da na hannu. Wannan ci gaba ne. Sai dai tarakta ba ta jin tsawa, kuma hatsarinta bai kai ga zama sananne a garuruwanmu ba kamar na dabba.

Mine ne kardan?

In kun zagaya bayan tarakta, tsakanin hannuwan nan biyu masu ɗaga kaya, za ku ga wani guntun ƙarfe mai haƙora ya leƙo. Kaurinsa milimita 35 ne. Faransawa na ce mashi "prise de force", wato inda ake ɗibar ƙarfi. Mu za mu kira shi kan juyi. Garma da faifai jan su kawai ake yi, ba ruwansu da shi. Amma injin sussuka, da injin ɓare gujiya, da mai daddatsa kara domin dabbobi, da mai farfasa ƙasar lambu, da wasu pompunan ban ruwa, duka juyi suke so. Kardan shi ke ɗauko juyin daga tarakta ya kai masu.

Bututu biyu ne na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, suna zamewa domin ya ƙara tsawo ko ya rage. A kowane kai akwai gaɓa mai lanƙwasa, cikinta da gicciyen ƙarfe mai kai huɗu, wanda ake ce ma kurwaziyon. Sunan kardan ya samo asali daga wani masanin Italiya na ƙarni na 16 mai suna Kardano.

Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai kan juyi, a 1918. A 1927 injiniyoyin noma na Amurka suka daidaita gudunsa, domin injin wannan kamfani ya shiga taraktar wancan. Tun 1958 gudu biyu ne aka fi sani a duniya: juyi 540 a minti ga kai mai haƙora 6, da juyi 1000 a minti ga mai haƙora 21. Ku ƙirga haƙoran taraktarku. Yawancin injunan da ke aiki a gonakinmu na 540 ne.

Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe

Ku raba 540 gida 60. Kun samu 9. Wato kardan na juyawa sau 9 cikin daƙiƙa ɗaya, kafin ka gama cewa bisimilla. Mai 1000 kuwa ya fi sau 16.

Yanzu ku ɗauki gaɓar da faɗinta ya kai santimita 7 da rabi. In kun zagaya ta da zare, za ku samu kusan santimita 24. Sau 9, ya haura mita 2. To, mita 2 na yadi ke nan take naɗewa kowace daƙiƙa. Rawani mai mita 4, daƙiƙa biyu ya ƙare. Mutum kuwa, kafin ya ji an ja shi har ya yunƙura, rabin daƙiƙa ta wuce. Cikin wannan ɗan lokaci kardan ya juya sau huɗu ko biyar, ya ci fiye da mita ɗaya na rigarsa. Hannu ya riga ya shiga.

Kada ku ce yadi zai yage. Yadin da ya murɗe ya zama igiya, kuma yadin roba na yanzu ya fi na auduga ƙin yagewa. Kada kuma ku ce tarakta za ta ji nauyi ta mutu. Injin da ke jan faifai cikin ƙasa mai tauri bai san nauyin mutum ba. Rage wuta ma ba ya tsirar da kowa: ko da rabin gudu, ya fi ƙarfin hannunka.

Suturarmu ta mutunci ce, amma a wannan wuri ita ce tarko. Babbar riga, jallabiya, jelar rawani, mazagin wando, lagen zane, hijabi, majanyin goyo, igiyar laya a wuya: ga abin da kardan ke kamawa. Iskar kaka kuma ita ke miƙa mashi su. Turawan da suka ƙera shi da guntuwar riga suke aiki, duk da haka sai da suka rufe shi. To, ina ga mu?

Suturar kardan guda huɗu ce

Ta farko ita ce riga: bututun roba mai kauri, galibi ruwan ɗorawa ko baƙi, mai baki kamar mazurari a kowane kai domin rufe gaɓoɓi. Tana zaune bisa zobba biyu na roba. Ƙarfe na juyawa ciki, ita tana tsaye.

Ta biyu sarƙa: ƙanana guda biyu, ɗaya a maƙala jikin tarakta, ɗaya jikin inji. Su ke hana riga bin juyi.

Ta uku rumfa: farantin ƙarfe mai rufe kan juyi ta sama da gefe biyu, da ɗan'uwansa mai kamar ƙwarya a bakin inji. Wajibi ne bakin riga ya shige ƙarƙashinsu. In akwai fili tsakani, nan ne hatsari ya fi yawa, domin nan maɓallin kulle yake, kuma nan mutum ke tsayawa.

Ta huɗu hula: murfin da ake sa ma kan juyi in ba a aiki da shi. Guntun ƙarfen nan shi kaɗai ya isa ya kama ƙafar wando.

Ga gwajin da za ku yi kowace safiya. Ku kashe tarakta, makulli a aljihu. Ku kwance sarƙa, ku juya riga da hannu. In ta juya sumul, ƙarfe na tsaye, lafiya lau. In ta cije, to ta manne ma ƙarfe, tare za su juya. Irin wannan riga yaudara ce: ido na ganin an rufe, alhali ba a rufe ba.

Mi ke kashe riga a ƙasarmu?

Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 5674. Bisa gare ta ake jarraba rigar kardan cikin ƙura, cikin sanyi mai tsanani, da ƙarƙashin hasken da ke cin roba, kafin a ce ta yi. Duk da haka rigar da za ta daɗe a gonar Faransa ba lalle ta daɗe haka a Tanut ko Gure ba. Abu uku ke gajarta ranta.

Na ɗaya ƙura. Hunturu na kawo tata, sussuka na ƙara ƙaiƙayi, ƙasarmu kuma rairayi ce. Su ke shiga cikin zobba. In rairayi ya haɗu da tsohon giris sai ya zama kamar dutsin wasa wuƙa, ya cinye zobe. Zoben da ya cinye, ko dai riga ta cije, ko ta zame ta bar gaɓa a fili.

Na biyu rana. Ku dubi bokitin roba da aka manta a tsakar gida shekara guda: launi ya koɗe, ka taɓa ya tsage. Haka rigar kardan take yi in ta kwana ta wuni a fili tun daga kaka, ta sha zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40.

Na uku hannun mutum. Direba ya yi kwana mai tsanani, taya ta goge riga. An ɗaga inji sama da yawa, ƙarfen ja ya matse ta. Yaron tarakta ya mai da ta matakala. An jefa kardan cikin rimok, an ɗora buhuna bisansa. Sannan akwai wanda ya cire riga domin ya sa giris, ya ga mayarwa wahala ce, ya ce sai gobe. A zagayen da muke yi cikin garuruwa, wannan goben ce muka fi tararwa ba ta zo ba.

Saboda haka ku ɗauki riga kamar taya ko batir: abu ne mai ƙarewa, wanda ake sa ma kuɗinsa a gefe. Ba a ɗinke ta da waya, ba a naɗe ta da kaucu. Waya da kaucu su kansu ƙugiya ne.

Mai tsaron ranka shi ke tsaron kuɗinka

Wasu na cewa riga ado ce. A'a. Ita ke tare ƙura daga bututu da gicciye. Kardan tsirara yana shan rairayi, bututunsa ya daina zamewa. In ya daina zamewa, duk ramin da tarakta ta faɗa, sai ya doki cikin tarakta ko cikin inji. Gyaran nan ya ninka kuɗin riga sau da yawa, kuma a tsakiyar kaka yake zuwa, lokacin da kowane wuni kuɗi ne. Ga sauran abubuwan da ke sa kardan ya daɗe.

Giris. Ga yawancin kardan, masu ƙerawa sun ce a sa ma gicciye giris bayan kowane awa 8 na aiki, wato kowace rana lokacin sussuka. Ku share bakin kafin ku ɗora pompo, kada ku tura rairayi ciki da hannunku. Zobban riga ma suna da nasu baki. Bututun kuma ku zare su lokaci lokaci, ku wanke da gazuwal, ku shafa sabo.

Tsawo. Kardan ɗin da ya yi ma wannan tarakta daidai, yana iya yi ma waccan tsawo ko gajarta. In ya yi tsawo, zai tokare ya fasa abu. In ya gajarta, bututun za su rabu cikin gudu, rabin da ke jikin tarakta ya riƙa bulala ko'ina. Ƙa'ida ita ce: ko a inda ya fi miƙewa, kashi ɗaya cikin uku na tsawon bututu ya kasance cikin ɗan'uwansa. In za a yanke, a yanke bututu biyu daidai wa daida, riga ma haka, a goge bakin da zarto.

Karkata. Gaɓa na son miƙaƙƙen aiki. In ta karkace, juyinta ba ya tafiya bai ɗaya: ya yi sauri, ya yi sanyi, sau biyu cikin kowane zagaye. Shi ne kakkarwar da kuke ji. Ga kardan na yau da kullum kada karkatar ta wuce digiri 25 cikin dogon aiki, kuma ta gaba da ta baya su yi daidai. A masussuka ku daidaita tarakta da inji bisa layi guda, ku sa birki, ku tokare tayoyin duka biyu da dutse ko kututture. A lambu, ku tsai da juyi kafin ku yi kwana.

Walda. Ku lura bututun ba zagayayyu ba ne: wani kamar lemun tsami, wani mai kusurwa uku, wani kamar tauraro. An yi haka domin ɗaya ya juya ɗaya, kuma gaɓar gaba da ta baya su dubi juna daidai. In mai walda ya haɗa rabin wannan da rabin wancan bai kula da haka ba, kardan zai yi ta rawa har ya kashe gicciye.

Bulon tsaro. A wasu kardan akwai ƙaramin bulon da aka yi domin ya karye in inji ya shaƙe. Karyewarsa ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan, ya mutu domin inji ya rayu. Wanda ya gaji da saye ya sa guntun rodi a wurin, ranar da dutse ya shiga inji babban abu ne zai karye. Ku nemi mai kauri ɗaya da lamba ɗaya a kansa, ku aje guda biyar cikin akwati. Mai faranta masu zamewa kuwa, suna mannewa in ya daɗe a aje: a sassauta su, a bari su zame kaɗan, a sake ɗaurewa kafin aikin shekara.

Maɓallin kulle. In ya lalace a sake shi. Kada a zura ƙusa ko dogon bulon mai leƙowa. Wannan ƙugiya ce mai juyawa sau 9 a daƙiƙa.

Ajiya. An gama aiki, a cire kardan, a share, a rataye shi cikin inuwa, nesa da rairayi. Kada a rataye shi da sarƙar riga, ba a yi ta domin nauyi ba.

In za ku saya

A Tarayyar Turai, dokar injuna ta 2006 ta ce kardan da rigarsa ake sayar da shi. Amma na hannu da ke iso mana, sau da yawa tsirara yake zuwa. Ko a Damagaram kuka saya, ko a Maradi, ko kuka aika Kano, ku ce da riga da sarƙa kuke so. Ana samun riga ita kaɗai, kuma kuɗinta bai kai na kardan ba. Ku tafi da awon tsawo da tsohon zobe domin a gwada. Ku matsa robar da yatsa: mai kyau na lotsawa ta dawo, marar kyau na ƙara kamar busasshiyar ƙwarya. Araha ba ta ado. Kada kuma ku sayi ƙarfen sauya haƙora domin ku juya injin 540 da gudun 1000.

Rumfa kuwa ba sai an je nesa ba. Maƙeran Damagaram da suka zuba ma Sarki Tanimun igwa a ƙarni na 19, jikokinsu ba za su kasa lanƙwasa farantin ƙarfe ba. Ku kai masu tarakta su auna.

Ga ƙungiyoyi: cikin ladan kowane buhu da aka sussuke, ku ware wani abu domin giris da riga. Ga mai hayar tarakta: kana da ikon ka ce wadda kardan ɗinta ke tsirara ba za ta shiga masussukarka ba. Iyalinka ne za su tsaya wurin.

Dokokin masussuka

1. Kafin ka taɓa kome, tsai da juyi, kashe tarakta, zare makulli, jira har gangar inji ta tsaya cik. Tana ci gaba da juyawa bayan an kashe.
2. Kada ka tsallake kardan, ko da riga. Zagaya. Taki goma bai kai hannu ɗaya tsada ba.
3. Mai aiki ya tuɓe babbar riga, ya cusa ta ciki cikin wando, ya sa hula maimakon rawani. In ƙura ta dame shi ya sa takunkumi.
4. A ja layi a ƙasa, ko a kafa kara, taki uku daga kardan ta kowane gefe. Mata masu kwasa da sheƙa su tsaya wajen da hatsi ke fita.
5. Yara nesa. A sa babba guda wanda aikinsa ke nan.
6. Direba ya duba baya, ya yi magana da ƙarfi, sannan ya sa juyi, da ƙaramar wuta.
7. Mutum biyu aƙalla, ban da direba, su san yadda ake kashe tarakta. A nuna masu tun da safe.
8. Ba a aiki cikin duhu, ba a aiki da gyangyaɗi.

Tsofaffin direbobi, da ku muke. Sabon yaro tsoro ke tsaronsa. Wanda ya shekara goma yana tsallakewa shi ne ya daina gani. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

In tsautsayi ya auku

A kashe tarakta tukuna. Kada wanda ya ruga ya jawo mutum alhali ƙarfe na juyawa, sai a samu biyu. Kada a tayar da inji wai a warware shi. A yanke tufafin da wuƙa. In gaɓar jiki ta naɗe sosai, a cire kardan daga kai biyu a tafi da shi tare.

A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba sassautawa. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗin yatsa uku, a murɗa da ɗan itace har jini ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure, kada a kwance sai gaban likita. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man inji. In wani sashe ya cire, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta, a sa cikin leda, a riƙe shi da sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. In ana zaton wuya ko baya ya taɓu, a ɗauke shi a miƙe bisa ƙyaure. Inda waya ke kamawa a kira lamba 18. A nufi likita mafi kusa, su za su tura babbar asibitin Damagaram. Ku tuna daga Magariya kusan kilomita 90 ne, daga Tanut ya fi haka. Nisan nan kaɗai ya isa ya nuna mana rigakafi ya fi magani.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne kome na hannun Allah. Amma mai raƙumi dabaibayi yake sa mashi kafin ya kwanta, mai rijiya kuma yana yi mata baki.

Tambayoyi ga ƙungiyoyin masu saurare

In kun taru, ku tattauna waɗannan: Taraktoci nawa ke aikin sussuka a garinku, nawa ne cikinsu ke da riga da rumfa? Wa ya san yadda ake kashe su, ban da direba? Wa zai riƙe kuɗin giris da riga? Ku ba malamin gona na karkararku amsa, za mu karanta cikin shirin manoma.

Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma, ya ba mu ikon cin sa da hannuwanmu biyu. Amin.